Gansakukar Katanga a Lambun Gida: Inda Aikin Ya Kai Bayan Damina

'Yan uwa masu koyon renon gansakuka, barkanmu da ganin kaka. Ruwa ya ɗauke a Kaduna, iskar hunturu ta fara kaɗowa da asuba, ga kuma inda aikina ya tsaya.

Duk abin da na dasa bana daga cikin unguwa na samo shi. Wani maƙwabcinmu zai yi wa katangarsa shafen siminti, sai na roƙe shi ya bar ni na ɗebi koren da ya lulluɓe gindinta kafin magina su kankare. Da tsohon cokali na riƙa ɗago ta a hankali, tare da 'yar ƙasar da ke manne a ƙarƙashi. Wanda bai saba ba ya lura da kyau: wadda muke nema ba ita ce mai yauƙin nan da ke sa santsi a makewayi ko bakin rijiya ba. Tamu in ka duƙa ka duba, za ka ga ƙananan ganye jere a jikin kara, in ka shafa kuma ka ji laushi, ba yauƙi. Da na sa madubin ƙara girma, siffarta ta fi kama da wadda masana ke kira Hyophila involuta, mai son siminti da tsohon bulo a ƙasashe masu zafi. In ta bushe ganyenta kan naɗe ciki, in ta jiƙa ya buɗe.

Na dasa ta a kan tsofaffin bulo da gutsattsarin marmara a ƙarƙashin mangwaron tsakar gida. Na jiƙa bulon sosai, na ɗora ta, na danna da tafin hannu har ta zauna daram. Wannan dannawar ita ce rabin aikin, domin gansakuka ba ta da saiwa irin ta sauran tsirrai. 'Yan zarurruka ne kawai take riƙe wuri da su, ruwa kuwa ta ganye take shan sa. Shi ya sa ba ta buƙatar ƙasa mai zurfi, takin zamani ma ƙona ta yake yi. Markar Agusta ta yi mini sauran aikin. Kafin Satumba ta ƙare, gefunan sun bazu sun haɗe, har wasu siraran sanduna suka fito a samanta, kowanne da ɗan kai a ƙarshe. A cikin kawunan nan ƙwayoyin irinta suke, masu laushi kamar ƙura, iska ce ke kwashe su ta kai wani wuri. Ranar da na gan su na tabbatar ta karɓi gidan.

Akwai shawarar da ke yawo a intanet, wai a dasa gansakuka a gefen arewa na gini don can ne inuwa take. Wannan gaskiya ne a Ingila ko Jamus, amma Kaduna tana kusa da digiri 10 da rabi ne arewa da layin da ya raba duniya gida biyu, kudu da arewa. Daga tsakiyar Afrilu zuwa wajen ƙarshen Agusta rana ta arewa da mu take ratsawa, wato a mafi yawan damina katangar da ke fuskantar kudu ce ke samun inuwa da tsakar rana. Da hunturu kuma lamarin ya juya. Don haka ni na daina lissafin arewa da kudu. Ka tsaya a gidanka da azahar ka ga inda inuwa ke zama, ka duba gindin randa, bayan tankin ruwa, da inda indararo ke zuba. Inda ta riga ta fito da kanta, nan ne wurinta.

Amfanin da na fi gani a tukwanen furanni ne. Kun san ruwan Kaduna in ya sauko da ƙarfi, yakan tone ƙasar tukunya ya fantsama ta a bango, ya bar saiwa a waje, in rana ta fito kuma saman ƙasar ya ƙame. Tukwanen da na shimfiɗa wa gansakuka ba su yi haka ba. Ƙasarsu ta zauna, kuma in na tura yatsa ƙarƙashin koren da la'asar ina jin danshi, alhali na kusa da su sun bushe. Tsirrai masu son inuwa ne kawai na yi wa haka. Tukunyar barkono da ke cikin rana ba wurinta ba ne. Kada kuma a bar ta a kan hanyar da ake takawa, musamman gidan da ke da tsofaffi, ko a jikin bangon ɗaki, don tana riƙe laima.

Zancen da wasu ke yi na a markaɗa gansakuka da nono a shafa a bango don ta tsiro kuwa, ban ba kowa shawarar haka ba. A zafinmu nono ƙuda da tururuwa da funfuna yake gayyatowa. Kaji ma abokan gaba ne, da tono ɗaya sai su ɗaye abin da ya yi wata yana kamawa, don haka na kife kwando a kan sabon dashe.

Yanzu da hazo ya fara, koren ya dushe ya koma ruwan ƙasa, ya ƙanƙance. Ina roƙonku kada ku kankare taku ku zubar, ba mutuwa ta yi ba. Gansakukar ƙasarmu ta saba da watanni biyar ko fiye babu ruwan sama. Takan tsayar da komai ta jira. Ku fesa wa ɗan gefe ruwa ku tsaya ku kalla, kafin ku gama shan shayi ganyen ya buɗe ya yi kore. Wannan juriyar ce ta sa nake fifita tamu a kan wadda ake kawowa daga waje a leda. A duniya akwai nau'in gansakuka kusan 12,000, amma wadda ta tsiro a katangar Tudun Wada ko Barnawa ita ce ta san hunturunmu.

Abin da na tsara shi ne in bar ta bulon ta yi barcinta har ruwan Afrilu ko Mayu, ba fesawa, sai dai in riƙa kwashe busassun ganyen mangwaro da ke rufe ta. Ta cikin tukwane kuma zan riƙa fesa mata ruwan saman da na tara a duro, bayan magariba, don ta kwana da danshi maimakon ta jiƙa ta bushe cikin zafin rana. Masu zuwa Kajuru ko duwatsun Kagoro, ku ɗauki hoto ku bar ta a kan dutsenta, don shekaru take yi kafin ta rufe wurin da aka ɗaye. Ni kuma ina da wani fili a bayan gida inda aka ƙona shara. Akwai nau'in da ake kira Funaria mai son ƙasar da wuta ta ci, kuma na kewaye wurin da duwatsu don kada a share shi kafin ruwan fari.