Ranar da na kai filin jirgin Zariya gona

Ƙanina ne ya ja ni cikin wannan aiki. Yana koyon tuƙin jirgi, ni kuma sana'ata rubuta manhaja, sai ya matsa mini in haɗa masa 'yar taswira a kwamfuta da zai riƙa bita da ita a gida: filayen jirgi, tashoshin rediyo masu nuna hanya, da zangunan da jirgi ke bi a sama. Na ce aikin kwana biyu ne. Wata guda ya ci.

Mu 'yan Palladan ta Zariya tun muna yara muke kallon ƙananan jiragen kwalejin koyon tuƙin jirgin sama da aka kafa a 1964 suna shawagi a kanmu, amma ban taɓa tunanin da wane harshe ake gaya wa kwamfutar jirgi inda titin sauka yake ba. Ashe harshen yana da suna, ARINC 424, kuma tun 1975 ake amfani da shi. Hukumar jiragen sama ta Amurka tana sakin fayil ɗin ƙasarta kyauta a wannan tsari, sai na sauke shi don in koya. Da na buɗe, na zaci ya lalace ne. Ba waƙafi, ba kanun bayani, sai layuka birjik, kowanne gurbi 132 cif, haruffa da lambobi cunkushe, tsakaninsu filaye fayau.

Sirrin shi ne, harafi ba ya da ma'ana sai ta wurin zamansa. Gurbi na 1 yana faɗin irin layin, na 2 zuwa 4 yankin duniya, na 5 sashe: P filin jirgi, D tashar rediyo, E abin da ke kan hanya. Da yake fayil ɗin Amurka bai san da zamanmu ba, sai na zauna na rubuta layin Zariya da hannuna daga littafin bayanan jiragen sama na ƙasa. Ya fara da S, sai AFR (Afirka), sai P, sai fili guda, sai DNZA, lambar filin jirgin Zariya. Wannan filin na gurbi na 6 ya tsone mini ido, na share shi don layin ya yi kyau. Nan take komai ya matsa hagu da taki ɗaya, manhajar ta karanta sunan filin jirgin a matsayin NZAD, ta ci gaba da aikinta ba ko gezau. Abin da ya ba ni tsoro ke nan: ba ta yi ƙorafi ba.

Na gyara wannan, sai babbar matsalar ta fito. Taswira ta buɗe, ga Kano, ga Kaduna, amma filinmu ya yi hijira yamma, kusan kilomita 30, ya sauka cikin gonaki. Kwana uku ina zargin taswirar.

Akwai wani kawunmu da ya yi ritaya daga aikin bayanan jiragen sama. Na ɗauki kwamfutar na same shi bayan la'asar a kan tabarma. Bai ko dubi manhajar ba. Ya ce in buga masa layin a takarda, ya sa tabarau, ya riƙa ƙirga gurabu da bakin biro har ya kai na 42.

"Ɗana, karanta mini wannan."

"Kawu, digiri bakwai da ɗigo arba'in da ɗaya."

"Wa ya ba ka ɗigo?"

Shiru na yi. A tsarin, lambobin digiri ne, sai minti, sai daƙiƙa, sai kashi ɗari na daƙiƙa, duk a manne. Filin Zariya yana wajen digiri 11 da minti 7 arewa, digiri 7 da minti 41 gabas. Minti 60 ke yin digiri, don haka minti 41 ya kai 0.68, ni kuwa na ɗauke shi 0.41. Ratar nan ce ta kai mu gona. Kawu ya ƙara mini da cewa ko lambar ta yi daidai sai a tambayi ma'aunin da aka auna ta da shi, domin tsofaffin taswirorin Najeriya a kan ma'aunin Minna suke, jiragen sama kuwa tun 1998 ƙungiyar jiragen sama ta duniya, ICAO, ta tsayar da su a kan ma'aunin WGS-84.

Sashen da ya fi burge ni shi ne na gaɓoɓin hanya. Ba zane ake ba kwamfuta ba, umarni ne na haruffa biyu, iri 23: na farko yadda za a tafi, na biyu abin da zai kawo ƙarshen gaɓar. TF, bi miƙaƙƙen layi daga zango zuwa zango. RF, yi baka mai faɗi ɗaya. CA da VA kuwa kamar tagwaye suke, duka biyun sai an kai wani tsayi suke ƙarewa, amma a CA jirgi yana riƙe layinsa a ƙasa ko iska na tura shi, a VA hancinsa kawai yake riƙewa, iska ta kai shi inda ta ga dama. Wanda ya san iskar hunturun Zariya ya san ba ƙaramin bambanci ba ne. Akwai sabon tsari, AIXM, da hukumomi ke musayar bayanai da shi, ya fi daɗin karantawa nesa ba kusa ba, sai dai abin da kamfanoni irin su Jeppesen ke shiryawa don kwamfutocin jirage har yanzu ta ARINC 424 yake bi.

Da na gama, na koma wa Kawu ina taƙama. Ya kai biro ƙarshen layin, gurabu huɗu na ƙarshe, ya tarar na bar su fayau. Nan ake rubuta zagayen bayanin. Duk kwana 28, ranar Alhamis, duniya gaba ɗaya ke sauya bayanai a tare. 2401, misali, wato zagaye na farko na 2024, ya fara aiki ranar 25 ga Janairu 2024. Zagaye 13 ne a shekara, jefi-jefi 14, kamar 2020.

"Naka na wane zagaye ne?"

Ban sani ba, domin littafin da na kwafa daga ciki aro ne, ban ma duba kwanan watansa ba. Ya karɓi takardar, ya rubuta a samanta da manyan baƙaƙe, BA NA TASHI BA NE, ya ce in sa haka a fuskar manhajar da jan launi kafin ƙanina ya taɓa ta. Na sa a daren.