Abin da Bango Ya Koya Mini

Aikina na farko a ɗakin baje kolin zane-zane shi ne riƙe tsani. Daga baya aka ba ni guduma da ƙusa, sai awon bango, sai rubuta 'yan katunan da ake liƙawa gefen kowane zane: sunan mai shi, shekarar da ya yi shi, da irin fentin da ya sa. A aji na ɗauka tarihin zane jerin gwanaye ne, wanda ya iya shi ake gani. Bango ne ya warware mini wannan. Zane arba'in za su zo, wurin goma sha biyu kawai muke da shi, kuma a gabana ake zaɓen. Wani ya hau don firam ɗinsa ya dace da faɗin wurin, wani ya koma sito don mai shi ba shi da mai tsaya masa.

Da na koma kan littattafaina sai na ga ashe abin ya daɗe. A 1863 alƙalan babban baje kolin birnin Paris sun ƙi fiye da rabin ayyukan da aka kawo musu, aka yi ta ƙorafi har Sarki Napoleon na Uku ya sa aka buɗe wa waɗanda aka ƙi nasu ɗakin. Édouard Manet na cikinsu, kuma jama'a dariya suka je yi masa. A 1874 su Claude Monet suka haƙura da alƙalai, suka rataye ayyukansu a tsohon ɗakin aikin wani mai ɗaukar hoto, Nadar.

Amma labarin da ya fi zama a raina na Mosko ne. Ranar 15 ga Satumba, 1974, Oskar Rabin da wasu masu zane da hukumomin Tarayyar Sobiyet suka hana wa ɗakunan baje koli suka fito da ayyukansu wani fili a unguwar Belyayevo. Sun san abin da zai iya biyo baya, amma abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi. Aka turo musu katafila da motocin feshin ruwa, aka tattake zane, aka kama mutane. Sai dai akwai 'yan jaridar ƙasashen waje a wurin, labari ya bazu a duniya, kuma bayan mako biyu hukuma ta ba su awa huɗu a lambun Izmailovo, dubban mutane suka zo kallo. Na daɗe ina tunanin cewa kyamara ce ta ceci wannan rana. Shekara da shekaru irin waɗannan mutane suna nuna ayyukansu a ɗakunan kwanansu, a ɓoye, kuma wanda ba a ɗauka a hoto ba ya tafi da masu shi.

Duk da sanin wannan na yi kuskuren da har yau yake damuna. Wasu matasa masu buga fosta da dare, suna haɗa 'yar mujalla da injin kwafi, suka kawo mana kwali guda. Ba suna, ba shekara. Na ce ba zan iya karɓa ba, don ba abin da zan rubuta a kati. Bayan shekara biyu na neme su, sun watse, an shafe bangon da suke zane da farin fenti, kwalin kuma ruwa ya ci shi.

Yanzu fensir ba ya barin aljihuna. Duk takardar da ta zo hannuna ina rubuta rana da inda aka same ta a bayanta, in ɗauki hoto, sannan in tambayi mai ita ko yana son a ambaci sunansa. Da yawa ba sa so, ɓoye sunan ne kariyarsu, ni kuma ba na matsawa. Wata ta yarda a rataye fostarta amma ta ƙi firam da gilashi, ta ce don titi ta yi ta. Da gam muka manna ta a bango, ranar rufewa kuma ita da kanta ta zo ta ɓamɓare ta.