Takardar da Inna Ta Ƙulle a Bakin Zane

Shekarar da aka ba ni jagorancin wata makarantar firamare a gefen garin Tawa da ke Nijar, abin da na fara yi shi ne kiran taron iyaye. Na zauna da dare na rubuta takardar gayyata da Faransanci, na kai aka buga, na manna mata hatimi, na bi aji-aji na danƙa wa kowane yaro tasa. Ranar taro muka share gindin dogon yaro, muka aro tabarmi daga masallacin unguwa, muka jera benci. Mutum tara suka zo, a makarantar da yaranta suka haura ɗari huɗu. Na koma gida raina a ɓace, ina faɗa a zuci abin da malamai da yawa ke faɗa, wai mutanen nan ba su damu da boko ba.

Bayan kwana uku sai ga wata tsohuwa a ƙofar ofis, riƙe da wuyan hannun jikanta ɗan ajin CP, wato aji biyu. Ta kwance bakin zanenta, ta zaro takardar nan a ninke, duk ta yi laushi da zufa.

"Mushe, ga shi na kawo maka shi. Me ya yi?"

"Inna, bai yi komai ba. Taron iyaye muka kira."

Ta dube ni, ta dubi yaron, ta saki hannunsa. Ta ce kwana biyar ba ta yi barcin kirki ba. Babu mai karatun boko a gidan, uban yaron yana Abijan, ita kuma a saninta takarda mai hatimi daga wuri biyu take fitowa, ko hukuma ko asibiti. Har ta hana yaron fita wasa, tana ta tuhumarsa ya faɗi laifin da ya yi a lakwal. Na ba ta kujera, na sa aka kawo mata ruwa, na ba ta haƙuri. Da ta tashi tafiya ta ce, "Da ka aiko a faɗa mini da baki, ai da na zo." Tun ranar ban sake cewa iyaye ba su damu ba.

Tsarin shigar da iyaye cikin harkar makaranta ba baƙo ba ne a wurinmu. A jihar Tawa aka fara aikin nan na haɗin gwiwa da hukumar JICA ta Japan a 2004, wanda aka sa wa suna makaranta don kowa, kafin ya bazu zuwa sauran jihohi. Shi ya ƙarfafa kwamitin kula da makaranta da kowa ke kira COGES, wanda a takardun hukuma ya koma CGDES: a zaɓi ƴan kwamiti ta hanyar ƙuri'ar sirri, a tara jama'a su tsara aikin shekara, a dawo a ba su bayanin abin da aka yi. Ga ƙungiyar iyayen yara, APE, ga ta iyaye mata, AME. Duk muna da su a rubuce. Abin da ba mu da shi shi ne hanyar da magana za ta bi ta fita daga ofishina ta isa tsakar gida.

Rajistar makaranta sunan uba take tambaya da sana'arsa. To amma duk wanda ya san Adar, yankinmu na Tawa, ya san da an gama kaka, an ɗaure damman hatsi, maza sai cin rani. Wani Abijan, wani Libiya, wani Kamaru ko Najeriya. Wani ya dawo da faɗuwar ruwa, wani sai ya shekara biyu ko uku. Ashe mutanen da ba sa gari nake ta aika wa takarda. Sai muka buɗe sabon kaye, wato littafin rubutu, kowane malami ya zauna da yaran ajinsa ɗaya bayan ɗaya ya yi musu tambaya uku: wa ke ba ka tuwon dare, wa ke tashinka da safe, wayar wa ake kira idan ana neman gidanku? Amsoshin suka buɗe mana ido. Kaka, goggo, kishiyar uwa, yaya mai shekara goma sha bakwai, wani ma malaminsa na allo. Waɗannan su ne masu riƙon yaranmu, kuma yawancinsu ba su taɓa tako harabar makarantar ba.

Masu kai mana saƙo na farko su ne matan da ke sayar da ƙosai da awara da dambu a bakin ƙofa lokacin hutun tara. Da ma ƴaƴansu na cikin azuzuwa, kuma kafin azahar maganar da aka faɗa musu ta zaga unguwa. Liman ya yarda ya riƙa sanarwa bayan sallar isha'i. In taron babba ne, mai unguwa ya sa sankira ya zaga. Lokaci ma sai da muka gyara. Taron farko da hantsi na sa shi, daidai lokacin da mata ke layin famfo ko bakin murhu. Lahadi kuwa kasuwar Tawa ke ci. Muka tsaya kan bayan la'asar, a watse kafin magariba. Sannan muka lura mace ba ta buɗe baki a gaban surukinta ko da maganar na cin ta, don haka iyaye mata suke fara nasu zaman su kaɗai, shugabarsu ta kawo matsayarsu gaban babban taro. Tun da aka fara haka, rabin shawarwarin da suka yi mana amfani daga wajensu suka fito.

Daga baya muka buɗe zaure a WhatsApp. Satin farko abin ya so ya fi ƙarfinmu, da gaisuwar Juma'a da tallan magani da gardamar siyasa, har sanarwar makaranta ta nutse. Muka rufe rubutu ga kowa sai ƴan kwamiti, muka ba da lamba guda ga mai ƙorafi. Duk Alhamis da yamma nakan aika saƙon murya ɗaya, bokal kamar yadda muke cewa, da Hausa, bai wuce minti biyu ba. Wata madam cikin malamanmu takan maimaita shi da Tamajak saboda gidajen da suka fi jin sa. Ba kowa ke da babbar waya ba, shi ya sa kowane lungu muka samu mace guda da ke kunna saƙon a bakin famfo ko wurin adashi. Uba yana Abijan yana jin ranar da za a fara kompozisiyo, wato jarrabawa, ya kira gida ya ce a rage wa yarinya talla a makon.

Akwai abu ɗaya da na sa cikin saƙon wanda bai yi wa wasu abokan aikina daɗi ba: idan malami ba zai zo ba, ina faɗa. Ba na faɗin dalili, sirrinsa ne, amma nakan ce ajin CE1, wato aji uku, ba su da malami ranar Litinin, za a haɗa su da wani aji. Wani ya ce ina zubar musu da girma. Har yau ra'ayina bai canza ba. Muna kiran sunan yaro kowace safiya, muna aika wa uwarsa idan ya yi fashi. In haka ne, ita ma tana da haƙƙin sanin ranar da ɗanta ya zauna babu mai koya masa.

Maganar kuɗi ita ta fi kowace zafi, kuma nan ma takarda ta taɓa haɗa mu faɗa. An yi shawara kowane gida ya ba da sefa 500 na gyaran benci, aka rubuta a kayen yara. Yaro ya je gida ya karanta wa uwarsa lambar kamar yadda ya gan ta, ya ce ɗari biyar. Mu kuwa da dala muke lissafi, dala guda sefa 5, don haka ɗari biyar a bakin Bahaushen Nijar sefa 2.500 ke nan. Abin da muke nema dala ɗari ne kacal. Kafin gari ya waye magana ta cika unguwa cewa sabon direkta ya ninka kuɗi har sau biyar. Tun daga nan ba ma ambaton kuɗi sai da dala da jika, wato sefa dubu, kuma da baki. A ƙarshen kowane zango ma'aji ya tsaya gaban jama'a, mu fito da allo waje, a rubuta abin da ya shigo a hagu, abin da ya fita a dama. Rasit ɗin alli, na ƙusa, na igiya, duk a zuba su cikin faifai ya zaga hannu-hannu. Wanda bai iya karatu ba ma yakan ɗaga ya jujjuya ya miƙa wa na kusa. Wata rana lissafi ya ƙi cika da jika guda, muka faɗa a fili, aka bincika aka gano kuɗin amalanken da ya kawo kara ne aka manta ba a rubuta ba. Kuɗin da aka tara a zango na gaba ya fi na kowane lokaci.

Kuskuren da ya fi ci mini rai a wajen sakamako na yi shi. Mun gwada yaran CE2, wato aji huɗu, muka tarar da yawansu ba sa iya karanta gajeren layi, wasu ba sa iya ɗebe lamba daga lamba. Na ga ya kamata iyaye su sani, kuma wannan daidai ne. Inda na ɓata shi ne na karanta sunaye a bainar jama'a. Washegari wani yaro ya zo da shatar bulala a bayansa, ya zauna can ƙarshen benci ya ƙi ɗaga kai. Ubansa ya ji kunya a gaban tsaransa, ya huce a kansa. Na je gidan da yamma na ce, "Alhaji, laifin nawa ne, ba nasa ba. Yaron nan yana zuwa kullum, mu ne ba mu kai shi inda ya kamata ba." Ya yi shiru ya ce Allah ya kyauta. Yaron ya ɗauki makonni kafin ya sake ɗaga hannu a aji.

Yanzu a taro adadi kawai muke faɗa. Mu zuba tsakuwa a ƙasa daidai yawan ƴan ajin, mu ware waɗanda suka iya gefe guda, kowa ya gani da idonsa. Sunan yaro kuwa tsakaninmu da mai riƙonsa ne, a ofis ko a zaure. Daga ganin tsakuwar nan ne iyaye da kansu suka kawo shawarar karatun yamma. Wani ya ba da zaurensa, mata suka haɗa kuɗin fitila mai aiki da hasken rana, samari biyu ƴan lise, wato babbar sakandare, daga wata fadar hirar samari suka karɓi aikin zama da yaran sau uku a mako.

Azuzuwanmu uku na kara ne. Ana buɗe makaranta a Oktoba, amma rumfa ba ta tashi sai an girbe hatsi an samu kara, don haka yaran waɗannan azuzuwa kullum a makare suke farawa. Iyaye ne ke kawo karan, su ne ke kafa dirkoki. A Afrilun 2021 gobara ta tashi a irin waɗannan rumfuna a unguwar Pays-Bas ta Yamai, yara kimanin 20 suka rasu, yawancinsu ƙanana. A Nuwamban shekarar aka sake yin wata a Maraɗi, ta ci sama da 20. Bayan ta Maraɗi ban kira taro ba, iyaye mata ne suka zo da kansu, suka cika gindin dogon yaron nan. Suka zaga rumfunan suna dubawa. Su suka ce a mayar da ƴan CI da CP, wato aji ɗaya da aji biyu, cikin ginin siminti, manya su koma kara. Su suka ce kowace rumfa a yi mata ƙofa biyu, a bar tazara tsakaninsu, a ajiye randa da tulin yashi. Masu tuya kuma, waɗanda abincinsu ke nan, da bakinsu suka ce za su janye murhunsu zuwa ƙetaren hanya.

Duk da haka akwai labarin da ba ya iso mu da wuri. Bara wata yarinya ƴar CM2, ajin ƙarshe na firamare, mai kaifin kai a lissafi, ta fara fashi ranar Litinin, daga baya ta ƙara da Talata. Malaminta ya rubuta a rajista, bai faɗa mini ba, ni ma ban tambaya ba. Matan bakin ƙofa sun san an kawo kuɗin gaisuwarta tun kafin azumi, amma sun ɗauka na sani. Da muka je gidan tare da shugabar iyaye mata, an riga an sa rana, uwar tana ta sunkuyar da kai tana cewa maganar ta fi ƙarfinta. Mun roƙa a bari ta ƙare shekara, ba a bari ba. Na gane mun ƙware wajen aika magana gidaje, amma ba mu tanadi mai ɗauko mana ta gidaje ba.

Shi ya sa bana muka raba ƴan matan CM1 da CM2, wato aji biyar da shida, tsakanin matan AME, kowace da yara biyar ko shida na lungunta. In yarinya ta yi fashin kwana biyu a jere, ba takarda, ba bokal, uwar lungun ce za ta shiga gidan ta gaisa, ta zo ta faɗa mini abin da ta gani. Tsohuwar nan mai takarda a bakin zane tana cikinsu, jikanta yanzu yana CM2. Jiya da safe ta leƙo ofis ta ce biyu daga cikin nata sun tafi roron wake ƙauye, ta yi magana da kawunsu ta waya, za a sako su a motar ranar kasuwa.