Wata guda tsakanin harsashi da yaƙi: abin da na koya daga kisan Sarayebo

Duk ɗalibin tarihi ya haddace cewa kisan yarima mai jiran gadon daular Ostiriya-Hungari ne ya haddasa Yaƙin Duniya na Ɗaya. Gaskiya ne, amma wannan zance ya haɗiye wata guda cur, kuma a cikin watan nan ne darasin yake.

Ranar 28 ga Yuni, 1914, yariman, Franz Ferdinand, da matarsa Sophie suka shiga Sarayebo, babban birnin Bosniya, yankin da Ostiriya ta haɗe da ƙasarta a 1908. Samari shida da makamai suka jeru a titin bakin kogin Miljacka. Ɗaya ya jefa bam, ya daki bayan motar yarima, ya fashe ƙarƙashin motar da ke biye, mutane suka ji rauni. Kamata ya yi a soke ziyarar nan take, amma aka ci gaba. Daga zauren birni yarima ya ce zai je asibiti dubiya, aka sauya hanya, ba wanda ya gaya wa direba. Ya karya kwana zuwa tsohuwar hanya, gwamnan Bosniya Potiorek ya daka masa tsawa, ya taka birki, mota ta tsaya daf da Gavrilo Princip, ɗan shekara 19, ɗaya daga cikin samarin nan, ya buɗe wuta. Harsashi ɗaya ya sami yarima a wuya, ɗaya ya sami Sophie a ciki, duka suka mutu. Masu aikin tsaro su lura: an yanke shawara mai kyau a sama, ba ta kai ga mai riƙe da sitiyari ba.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne yariman na cikin masu hana a yaƙi Sabiya, maƙwabciyar da Ostiriya ta zarga da hannu a kisan. Shi ke ja wa babban hafsan soja Conrad von Hötzendorf linzami. Mutuwarsa ta kawar da mai hanawa, ta ba masu son yaƙi hujja.

Daga nan kowane mataki mutane ne suka zaɓe shi da idonsu buɗe. Ranar 5 ga Yuli Jamus ta yi wa Ostiriya alkawarin goyon baya ba sharaɗi. Ranar 23 Ostiriya ta miƙa wa Sabiya buƙatu goma da wa'adin awa 48, an tsara su ne yadda za ta ƙi. Ta amince da kusan duka, sai dai ta ƙi jami'an Ostiriya su shiga binciken shari'a a cikin ƙasarta. Ranar 28 Ostiriya ta shelanta mata yaƙi.

Me ya hana wutar tsayawa a Balkan, yankin da Sabiya da Bosniya suke? Tsarin tara sojoji. Rasha, mai mara wa Sabiya baya, ta ba da umarnin haɗa dakarunta gaba ɗaya ranar 30 ga Yuli. Shirin Schlieffen na Jamus kuwa ya tanadi a murƙushe Faransa, ƙawar Rasha, cikin mako shida, ta hanyar Beljiyam, kafin Rasha ta gama shiri. An ɗora komai bisa jadawalin jiragen ƙasa, har janar-janar na ganin jinkirin kwana ɗaya don sulhu tamkar miƙa wuya ne. Jamus ta shelanta yaƙi kan Rasha ranar 1 ga Agusta, kan Faransa ranar 3, ta kutsa Beljiyam ranar 4, Birtaniya ta shigo bisa yarjejeniyar 1839 da ta lamunce wa Beljiyam zama 'yar ba-ruwanmu.

Wutar ta iso har Afirka: kafin ƙarshen Agusta, sojojin Najeriya na Ingilishi, da Hausawa da yawa a cikinsu, sun tashi daga Yola sun far wa sansanin Jamusawa a Garwa da ke Kamaru, wadda Jamus ke mulka a lokacin, aka kore su da asarar rayuka. Sansanin Jamusawa na Dutsen Mora, a arewacin Kamaru, bai miƙa wuya ba sai Fabrairun 1916.