Daidaita alamomin hoto a kwamfuta mai ƙaramin RAM

A ce ɗalibi ne a Samaru yana aikin kammala karatu, laftof ɗinsa mai gigabayit 4 na RAM. Ya ɗauki hotuna biyu na ƙofar fadar Zazzau daga kusurwa daban-daban, yana so kwamfuta ta gane gini ɗaya ne. Ya kira SIFT, hanyar tsintar alamomi (wuraren da suka fita daban a hoto) don a daidaita su da na ɗaya hoton, a OpenCV, taskar manhajar sarrafa hotuna, fanka ta hau ƙugi, komai ya sandare. Nan take sai a ɗora wa kwamfutar laifi, alhali hoton ne aka cusa mata yadda ya fito daga waya.

Hoton megafiksel 12 yana da fiksel 4000 a faɗi, 3000 a tsawo. Da an buɗe shi da kalarsa ya ci megabayit 36. Wannan mai sauƙi ne. SIFT kan ninka faɗi da tsawo kafin ya fara, hoton ya koma 8000 da 6000, kowane fiksel yana cin bayit 4, wato megabayit 192 a shimfiɗa guda. Hawan farko na dalar kwafin hoton da yake ginawa, daga babba zuwa ƙarami, yana da irin wannan shimfiɗa 11. Ka ga an haura gigabayit 2 ba a tsinci alama ko ɗaya ba.

Don haka gyaran daga wajen buɗe hoto ake fara shi. Ka ba imread, umarnin buɗe hoto, tutar IMREAD_REDUCED_GRAYSCALE_4, hoton ya shigo ba kala, 1000 da 750. Hawan nan na farko ya dawo megabayit 132. Sai dai idan za ka zana sakamako a kan hoton asali, ka ninka lambobin wurin kowace alama da 4, in ba haka ba duk za su taru a kusurwar sama ta hagu.

Sai siffar da ake ajiye wa kowace alama, wato lambobin da ke bayyana kamanninta. Ta SIFT, wadda David Lowe ya kammala bayaninta a 2004, lambobi 128 ce, bayit 512. Ta ORB, wata hanyar irin SIFT wadda ta fito a 2011, bit 256 ce, bayit 32 kacal. Hotuna 1000 masu alama 1000 kowanne za su ci megabayit 512 da SIFT, 32 da ORB. Idan nisan ɗaukar hotunan bai bambanta sosai ba, ORB ta wadatar. Idan ɗaya daga tsallaken titi aka ɗauka ɗaya kuma a gindin bango, ni dai SIFT zan riƙe, in matse siffofin zuwa uint8, mai bayit 1 ga kowace lamba, tunda lambobinsu ba sa wuce 255. Megabayit 128 ke nan. Amma ka mayar da su float32, mai bayit 4, kafin ka yi ragi da hannunka, domin a uint8 idan ka cire 5 daga 3, 254 za ka gani. Ita kuma ORB da NORM_HAMMING ake auna ta, wato ƙirga bit ɗin da suka bambanta. Ka sa NORM_L2, ma'aunin da ake yi wa SIFT, manhajar ba za ta ce maka uffan ba, shirme kawai za ta miƙo maka.

Ramin da ya fi cin mutane shi ne jadawalin nisa, wato bambancin kowace siffa ta hoto ɗaya da kowace siffa ta ɗayan. Alamomi 10,000 a nan, 10,000 a can, jadawalin kaɗai megabayit 400 ne. Wanda ya yi wa NumPy, taskar lissafi ta Python, wayon cire dukkan siffofin SIFT daga juna a layi ɗaya kuwa, gigabayit 51 ya nema. Ba ka buƙatar jadawalin nan gaba ɗaya. Ɗebi layi 500, megabayit 20 ke nan, ka riƙe mafi kusa biyu na kowace alama, ka zubar da saura, ka ɗebi na gaba. Siffofin ma ka rubuta su a faifai tun farko, ka riƙa buɗewa da np.memmap, mai karanto su kaɗan-kaɗan daga faifai. Ko ba don RAM ba, ranar da aka ɗauke wuta batiri ya ƙare ba sai ka sake lissafin daga tushe ba.

Biyun da ka riƙe su ne na gwajin Lowe: ka raba nisan na farko da na biyu, idan ya haura 0.8 ka jefar. Da yawa sukan matse zuwa 0.75. Kada ka haɗa knnMatch mai k=2 (mai kawo mafi kusa biyu) da crossCheck (mai duba daidaito ta ɓangarorin biyu), ba sa tafiya tare. Gwajin nan yana da rauni a kan abu mai maimaituwa, irin zanen atamfa a kasuwar Sabon Gari ko zayyanar bangon gidajen cikin birni. Kulli ɗaya ya yi kama da ɗan'uwansa, na farko da na biyu suka zo kunnen doki, sai a zubar da alamar gaskiya. Ka ɗauki hoton yadda gefen ƙofa, taga ko rubutu zai shigo ciki. Bangon laka da aka yaɓe sumul kuwa ba ya ba da alama, sai waɗanda aka samu duk su tattaru a wuri guda. Raba hoton gida 16, ka ɗebi kamar 60 mafi ƙarfi daga kowane gida. Lokacin hunturu, idan hazo ya dushe hoto, wuce da shi ta CLAHE, mai fito da bambancin haske da duhu, clipLimit 2.0 da gidaje 8 sau 8, ko ka sauke fastThreshold na ORB, iyakar ƙarfin da take karɓar alama, daga 20 zuwa 10.

Abin da ya tsira ka miƙa wa findHomography, mai lissafa yadda hoto ɗaya zai hau kan ɗayan, da RANSAC, mai tace alamomin ƙarya, iyakar kuskure fiksel 3 a ƙaramin hoton. Alama 4 sun isa lissafin, amma 4 ɗin ko na ƙarya ne za su ba da amsa. Ni ba na yarda sai na ga 15 zuwa 20 sun tsaya, kuma a warwatse cikin hoton. Lissafin nan na shimfiɗaɗɗen abu ne kamar fuskar bango. Idan akwai keke napep a gaba, gini a baya, findFundamentalMat za ka kira.