Ɗalibi a Faris: takardar zamanka ita ce tikitin gidajen tarihi

Hanyar Faransa ta yi wa ɗaliban Nijar wuya tun 2023, amma akwai ƴaƴan Damagaram da ke karatu a can, kuma da yawansu sai su shekara biyu a Faris ba su taka ƙofar babban gidan tarihi na Louvre ba, wai kuɗin shiga ya fi ƙarfinsu. Alhali tun 2009 gidajen tarihi na gwamnatin Faransa ba sa karɓar ko dala daga mai shekara 18 zuwa 25 da ke zaune a ƙasar bisa ƙa'ida. Ranar da ka cika 26 gatan ya ƙare. Daga nan a Louvre kaɗai za ka biya Yuro 22 ko fiye, wato sama da jikka 14 na sefa.

Inda ake tuntuɓe shi ne wajen takarda. Katin jami'a shi kaɗai ba ya wadatarwa, domin abin da mai gadi ke dubawa shekarunka ne da shaidar zamanka. Ka riƙe titre de séjour, wato takardar zama, na ainihi, ba hotonsa a waya ba. In ba ka samu shi ba tukuna, ka je da fasfo mai bizar dogon zama tare da takardar tabbatar da ita, wadda ake cirewa a intanet cikin wata ukun farko bayan sauka. Sannan ko kyauta za ka shiga, ka kama lokacin shiga a shafin intanet na gidan tun kafin ranar. Wanda ya zo hannu rabbana layin waje ne rabonsa, wani lokaci a cikin ruwan sama.

Ka haddace ranakun rufewa. Louvre ba ya buɗewa ran Talata. Gidajen tarihi na Orsay da Quai Branly da fadar Versailles ran Litinin suke hutu. Wanda ya cika 26 ya nemi Lahadin farko na wata, ranar shiga kyauta a Orsay da Quai Branly, ko ya je gidajen tarihi na Carnavalet da Petit Palais, waɗanda kayansu na dindindin kyauta ne ga kowa. Hasumiyar Eiffel dai ba ta cikin wannan rabo. Ragi kawai take yi wa waɗanda ba su kai shekara 25 ba, kuma hawan matakala 674 zuwa bene na biyu ya fi lif araha.

Louvre ba a cinye shi a yini guda. Ɓangare uku ne: Denon, Sully da Richelieu. Ka zaɓi ɗaya, ka ba shi awa uku, ka bar saura sai wani mako, tunda ba biya kake ba. Kowa Denon yake rugawa don Mona Lisa, hoton da bai kai tabarmar salla girma ba, ga cunkoso kamar kasuwar Dole ran Alhamis. A wannan ɓangaren ne kuma sashen fasahar Musulunci yake, wanda aka buɗe a 2012, inda za ka tsaya gaban tagulla da rubutun Larabci babu mai ture ka. Jakar da ta wuce santimita 55 a tsawo ba ta shiga.

Sai maganar salla, wadda ba wanda zai tuna maka. In ka fita daga Louvre tikitinka ya mutu, ba komawa. A watan Disamba kuwa azahar, la'asar da magariba duk suna cushe ne tsakanin ƙarfe ɗaya da biyar. Saboda haka ka shiga ƙarfe tara na safe, ka fito tsakar rana, ka hau metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, layi na 7 daga Palais Royal zuwa Place Monge. Babban Masallacin Faris, wanda aka buɗe a 1926 don tunawa da sojojin Musulmi da suka mutu a yaƙin duniya na farko, yana nan kusa.

Quai Branly, wanda aka buɗe a 2006, shi ne ya fi shafar ɗan Damagaram. Kayan Afirka, Asiya, Amurka da tsibiran Pasifik ne a ciki, fiye da 300,000, amma waɗanda aka baje ba su wuce kusan 3,500 ba. Don haka kafin ka je, ka buɗe kundinsu na intanet ka rubuta Zinder ko Haoussa, ka ga wanne ke a baje, wanne ke ajiye a rumbu. A gaban kowane kaya kada ka tsaya ga sunansa, ka karanta ƙaramin rubutun da ke faɗin wanda ya kawo shi da shekarar. Wanda ya tashi yana jin labarin kashe sojan Faransa Kyaftin Cazemajou a Damagaram a 1898 da shigowar Faransawa birni a 1899 zai karanta waɗannan shekaru da wani ido dabam. Daga wannan gidan ne aka mayar wa Benin kayan fadar Abomey guda 26 a Nuwamban 2021.

Takardar zaman nan kuma ka sa ta a aljihun ciki na rigar sanyi, ba a bayan wando ba. Ƴan sane sun fi yawa a metro da gindin Eiffel, kuma sake samun wata daga préfecture, ofishin da ke ba da ita, kan ci makonni.