Tsagin Kankare: Zurfi Kafin Kyau

Ƙannena masu koyon aikin daɓe, kankare zai tsage ko kun so ko ba ku so, domin yana tsukewa yayin da yake bushewa. Amfanin tsagin da muke ja a hanyar tafiya shi ne mu zaɓa masa inda zai tsage. Kuskuren da na fi daɗewa ina yi shi ne jan layi mai kyau a ido amma marar zurfi. Irin wannan ado ne kawai, tsagewar sai ta bi ta gefensa. Zurfin ya kai kashi ɗaya cikin huɗu na kauri: daɓe mai inci 4, tsagi inci 1.

Ku yi alama a jikin katakon gefe tun kafin a zuba kwaɓi, ƙusa nan, ƙusa can, ku duba daidaitonsu da sikwaya, wato abin auna kusurwa. In babu, awon 3, 4, 5 ya isa: ku auna ƙafa 3 a gefe ɗaya na kusurwar, ƙafa 4 a ɗaya gefen, in tsakanin alamun biyu ya zama ƙafa 5, kusurwar ta daidaita. Hanya mai faɗin ƙafa 4, tsagi duk bayan ƙafa 4 ko 5. Kada tsawon fale, wato yankin da ke tsakanin tsagi biyu, ya wuce faɗinsa sau ɗaya da rabi. Inda hanya ta yi kwana, tsagi ya taso daga kusurwar ciki, don daga nan ne tsagewa take fara buɗewa.

Lokaci ne ke kayar da mutane. Ku jira ruwan da ya taso sama ya janye. In kun yi gaggawa, tsagin ya rufe kansa. In kun makara, ƙarfen da ake jan tsagin da shi ya riƙa tono tsakuwa, baki ya yi zako-zako. Ku ɗora miƙaƙƙen katako a kan alamun (ku duba shi da ido tukuna, katakon kasuwa ba abin yarda ba ne), ku fara sara layin da gefen cokalin gini don tsakuwa ta kauce, sannan ku ja ƙarfen tsagi jingine da katakon, gabansa a ɗan ɗage. A goge ƙarfen bayan kowane ja.

Mai yanka da inji kada ya kai gobe da rana. A zafin bazara ko iskar hunturu, kankaren ya riga shi tsagewa. Kada kuma a yayyafa ruwa ko busasshen siminti don layi ya yi santsi, bakin zai ɓare daga baya. Inda daɓen ya haɗu da jikin bango ko lambatu a sa soso mai kaurin rabin inci, daga sama har ƙasa, sannan a rufe daɓen da buhu a riƙa jiƙawa kwana 7.